FILIN MASU SAURARO: Abin Taɓawa Na Baƙin Sallah, Ba Gashi Ba Suyar Mai

  

Wasiƙarmu ta farko a yau ta fito ne daga wata baiwar Allah a wani ƙauye na ƙasar Gumel, ta kuma roƙi a sakaya sunanta. Ta ce ga Sallah ta matso, ita kuwa kowace shekara takan yi cincin da dubulan, amma bana fulawa da man suya sun fi ƙarfinta. Ta ce ita ce uwargida a gidan gandu, 'ya'yan dangi duk ɗakinta suke fara shiga in sun fito yawon Sallah, kuma tana jin kunyar su zo su tarar da faranti wayam. Maigidanta manomi ne, akwai gyaɗa da riɗi a ajiye. Shi ne take tambaya, ko akwai abin da za ta haɗa wanda ba ya bukatar tanderu, ba ya kuma shan mai?

To Malama, mun gode da wannan wasiƙa. Ki kwantar da hankalinki, ba ke kaɗai ba ce. Tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023 kuɗin mota ya hau, kayan masarufi suka bi shi, gidaje da yawa suka ajiye kaskon cincin. Amma wanda ke da gyaɗa da riɗi a rumbu bai rasa abin fita kunyar baƙi ba. Kafin fulawa ta zama ruwan dare a ƙauyukanmu, da me iyayenmu suke tarbar yara? Da dakuwa, da kantu, da gugguru, da aya, da dabino. Abin da zan kawo miki yau shi ne yadda za ki tara waɗannan a faranti guda, wani sashi mai gishiri, wani mai zaƙi. Ni dai ba gwanin girki ba ne, tsohon malamin makaranta ne. Amma na zauna da mai ɗakina mun gwada har sau biyu kafin in zo gabanku, don kada in koyar da abin da ban sani ba.

Ga kayan haɗi. Ma'auninmu shi ne ƙaramin gwangwanin madara na ruwa, wanda babu gidan da ba shi. Ɓararriyar gyaɗa gwangwani 6. Busasshiyar aya gwangwani 2. Riɗi gwangwani 1. Masarar gugguru rabin gwangwani. Kwakwa guda 1, in da hali. Busasshen dabino ƙwaya 20. Sukari gwangwani 2, ko mazarƙwaila gwargwadon haka. Gishiri babban cokali 1. Sai garin citta ɗan kaɗan, da rabin lemon tsami. Wannan zai cika miki babbar roba, ya ishi yara masu yawa. Abin da babu a ciki kada ki ci bashi dominsa. Gyaɗa da gugguru da riɗi su ne ginshiƙi, sauran duk ƙari ne. In kuwa za ki sayi wani abu, ki aika tun yanzu, don ana jibi Sallah sukari da dabino farashinsu ba ya jin kira.

Aiki na farko, kuma wanda ya fi duk sauran muhimmanci, shi ne tsintar gyaɗa. A nan ina so maigida ma ya matso kusa da rediyo. Ki baza gyaɗar a faifai da rana tsaka inda haske yake, ki bi ta ƙwaya ƙwaya. Duk wadda ta yamushe, ko ta yi baƙi, ko ta yi kore-kore ko rawaya, ko ƙwaro ya huda ta, ko ta fara tsiro, ki fid da ita gefe. Dalili kuwa, akwai wata funfuna da ke kama gyaɗa da masara in sun sha danshi, tana barin guba a cikin ƙwayar, likitoci na kiran gubar afalatoksin. An fara gano ta ne a ƙasar Ingila bayan shekarar 1960, lokacin da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa mai funfuna. A shekarar 2004 kuma, a ƙasar Kenya, mutum 125 suka rasu bayan sun ci masarar da ta kamu. Wannan guba hanta take ci. In ana cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru tana iya kawo sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma masu bincike sun danganta ta da tsumburewar yara.

Abin da ya sa nake nanata tsinta shi ne, wuta ba ta kashe wannan guba yadda ya kamata. Ko kin soya gyaɗar ta yi ja, gubar ba ta gushewa duka. Idonki da yatsunki su ne maganin. Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, to a nan maganar ba karin magana kaɗai ba ce. Wadda kika tsince kuma, kada a ce asara ce a ba kaji ko saniyar tatsa, domin gubar na bi ta cikin nono ta dawo wa yara. Kada kuma a yi ƙuli-ƙuli da ita. A ƙone ta ko a binne.

Kai kuma maigida, rigakafin daga gona yake farawa. A cire gyaɗa a kan kari, a kife ta 'ya'yan suna sama su sha rana, a shanya a kan tabarma ko tamfol maimakon tsurar ƙasa. Kada a zuba a buhu sai an girgiza kwanson an ji ƙwayar na kaɗawa a ciki. Buhunan kuma a ɗora su a kan katako, nesa da bango. Akwai wani magani da cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta fito da shi, sunansa Aflasafe, ana watsa shi a gona kafin amfani ya yi fure, yana rage wannan funfuna sosai. Mai bukata sai ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa.

Yanzu sai sashin gishiri. Ki narka gishirin nan babban cokali 1 a ruwa mai ɗumi gwangwani 2, ki zuba gyaɗar a ciki, ki juya, ki bar ta kamar minti 10 don gishirin ya ratsa ta. Sai ki tsane ta a kwando, ki baza a rana ta bushe. Da hantsi ake wannan aiki, don a shanya a kuma soya a yini guda. Kada jiƙaƙƙiyar gyaɗa ta kwana, domin danshin nan shi ne abin da funfunar ke nema.

In ta bushe, ki sami yashi mai tsabta na rafi, wanda aka wanke aka shanya, ki zuba a kasko ya ɗau zafi, sannan ki zuba gyaɗar kina juyawa ba ƙaƙƙautawa. Amfanin yashi shi ne yana raba zafin daidai, gefe ɗaya ba zai ƙone ya bar ɗaya ɗanye ba, kuma ko ɗigon mai ba a bukata. In kika ɗauki ƙwaya ɗaya kika murza, ɓawon ya sulle, cikin ya fara sauya launi zuwa ruwan ƙasa mai haske, to sauke. Kada ki jira ta yi ja a kan wuta, don bayan an sauke ma zafin jikinta na ci gaba da soya ta. Ki tace yashin da rariya, ki bari ta huce, ki murje, ki bakace.

Aya kuwa ita ce mai karya haƙori in an yi sakaci, saboda tsakuwar da ke ɓuya a cikinta, launinsu ɗaya girmansu ɗaya. Yawancin ayar da ke kasuwanninmu daga ƙasa mai yashi take fitowa, irin ta Maraɗi da Katsina, ba a rasa tsakuwa a ciki. Ki wanke ta, ki rege kamar yadda ake rege shinkafa, ki shanya, sannan ki soya a yashin nan har ta yi ƙamshi. Riɗi ma a wanke a rege a shanya, amma shi a busasshen kasko ake soya shi ba yashi, da wuta kaɗan, don minti kaɗan ne tsakanin soyuwarsa da ƙonewarsa. In kin ji ya fara tsalle yana ƙara, ya yi. Kwakwa a kankare bayanta, a yanka siri-siri, a shanya, a ɗan juya a kasko har ruwan jikinta ya ƙafe.

Sai gugguru. Ba kowace masara ke fashewa ba, masarar tuwo sai dai ta ƙone. Ki nemi ƙanana masu tauri da sheƙi, a kasuwa ki ce masarar gugguru. Abin da ke fasa ta ɗan ruwan da ke cikin ƙwayar ne. In ya ji wuta sai ya zama tururi, ya rasa hanyar fita saboda taurin ɓawon, sai ƙwayar ta tarwatse. Shi ya sa tsohuwar masara da ta bushe ƙarau ba ta tashi da kyau. Cokali ɗaya na mai ya isa a tukunya mai murfi. Ki riƙa girgiza tukunyar, in ƙarar fashewa ta ragu ki sauke. Ki tsince waɗanda ba su fashe ba, su ma masu karya haƙori ne.

Mun zo sashin zaƙi, inda ake bukatar natsuwa. Kafin ki ɗora sukari, ki zuba gugguru da riɗi da kwakwa a babban kwano na ƙarfe, ki ajiye muciya kusa, ki shafa ɗan mai a tire. Sannan ki zuba sukari gwangwani 2 da ruwa rabin gwangwani a tukunya, ki matsa lemon tsami, ki sa garin citta da gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. Lemon tsamin shi ke hana sukarin komawa gari-gari. In ya narke ya fara tafasa, ki daina juyawa. Ki ajiye ruwan sanyi a kofi, lokaci lokaci ki ɗiga ɗigo ɗaya a ciki. In ɗigon ya narke, da saura. In ya dunƙule yana da laushi, da saura kaɗan. In ya daskare har kika karya shi ya yi ƙas, to ya yi, sauke nan take. Ki kwarara a kan gugguru kina juyawa da sauri, ki juye a tire, ki baza. In ya huce ki ɓaɓɓalla ƙanana. Irin wannan dahuwar ce masu hallaka-kwabo da kwakumeti ke yi, in akwai mai yin su a unguwarku, ki leƙa ki gani, gani ya kori ji. Mazarƙwaila, irin wadda ake yi a yankin Maƙarfi, ita ma haka ake dafa ta, sai dai a tace ta bayan ta narke saboda dattin rake.

Ina roƙonki, lokacin dafa sukari a kori yara daga madafa, kuma kada a yi da goyo a baya. Tafasasshen sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma in ya taɓa fata manne wa yake yi. In tsautsayi ya faɗa, a riƙa zuba ruwan sanyi mai tsabta a wurin kamar minti 20, kada a shafa manja ko ƙwai ko man goge baki, sannan a tafi asibiti.

Wata za ta ce, me ya kawo gishiri cikin kayan zaƙi? Ki tuna kunu ko fura in zaƙi ya yi yawa, cokali biyu uku sai ya gundure ki. Ɗan gishiri yana danne ɗaci, yana fito da zaƙi, har ki ga sukari kaɗan ya wadatar. Masu dakuwa sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke sa gishiri da yaji. Amma a yi shi da ma'auni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, duk da na miya a ciki. Saboda haka in akwai mai hawan jini a gidan, ki ware masa gyaɗar da ba a jiƙa a gishiri ba. Mai ciwon sukari kuma a ba shi gyaɗa zalla, ban da gugguru mai sukari, dabino ma ya yi hattara.

Haɗawa ita ce ta ƙarshe, kuma a nan ne muka yi kuskure a gwajinmu na farko. Ɗoki ya sa na ce a haɗa tun da ɗumi, muka zuba a roba muka rufe. Da gari ya waye sai muka tarar gumi ya sauka a ciki, gugguru ya yi lagwab kamar tsumma, gyaɗa ta yi sanyi. Mai ɗakina ta dube ni ta ce, Malam, a koma aji. To kada ki bi sawuna. Kowane sashi ya huce sarai, sannan a haɗa. Dabino kuwa a tsaga kowanne, a cire ƙwallon, a duba ciki don tsutsa na shiga, a yayyanka. Kada a zuba shi sai ranar da za a ci, domin ɗan danshinsa na sanyaya gugguru.

Wajen ajiya, kwalba ko roba mai murfi, busasshiya ƙarau, a ɗaki mai inuwa. Ku tuna Sallah tana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, wata shekara ta faɗo cikin hunturu, wata cikin bazara, wata cikin damina. Da rani haɗin na iya yin mako guda da ƙarfinsa. Da damina kuwa sukari na jan danshin iska, saboda haka a soya gyaɗa da aya tun da wuri a rufe, a bar dafa sukari sai ana gobe Sallah. 'Yan'uwanmu Kirista da ke son yin wannan don Kirsimeti sun yi sa'a, bikinsu kullum cikin hunturu yake faɗowa.

Sai maganar ƙananan yara. Yaron da bai kai shekara 5 ba, kada a ba shi ƙwayar gyaɗa ko aya ko gugguru, domin yana iya shaƙe shi ya bi ta hanyar numfashi, balle yana ci yana gudu da dariya irin ta ranar Sallah. Ga dabara. Ɓarɓashin da ya taru a ƙasan kwano, na gyaɗa da riɗi da aya, ki zuba a turmi da ɗan sukari ki daka ya yi laushi lilis, ki tankaɗe tsakin, ki dunƙula ƙanana. Kin sami dakuwar yara da ta tsofaffi marasa haƙori, babu abin da aka zubar. In kuwa kin yi amfani da zuma, jaririn da bai cika shekara 1 ba ba a ba shi zuma. Akwai kuma yaran da jininsu bai haɗu da gyaɗa ko riɗi ba. In yaro ya ci, leɓe ko fuska ta kumbura, ko jiki ya yi ruɗu-ruɗu, ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Wasiƙa ta biyu ta yi daidai da wannan magana. Wani ɗan tireda ne da ke cin kasuwannin ƙauye a ƙasar Katsina, yana tambaya wace ƙaramar sana'a zai ƙara da ita a kwanakin Sallah, jarinsa ba yawa. To Malam, ga ta nan ka ji. Filin idi da wurin kallon hawa ba a rasa yara da kuɗin barka da Sallah a aljihu. Amma ka yi lissafi kafin ka ɗaura ƙulli ɗaya. Ka rubuta duk abin da ka kashe, har itace da leda da kuɗin mota, gyaɗar gonarka ma ka sa mata farashin kasuwa. Sannan ka auna da ludayi ɗaya, ka ƙirga ƙulli nawa ya fita. Misali kawai, a ce ka kashe Naira 6,000 ka sami ƙulli 80, kowanne ya tsaya maka Naira 75. In ka sayar Naira 100, ribarka Naira 2,000 ke nan in ka sayar duka. Ka fara da kaɗan ranar farko, ka ga yadda kasuwa ta karɓa.

Abu uku zan ja kunnenka a kai. Na ɗaya, kada arha ta ja ka ka sayi tsintuwar gyaɗa ka ce sukari zai rufe ɗacin. 'Ya'yan mutane ne za su ci, kuma amana ce a wuyanka. Na biyu, kada a hura leda da baki don a buɗe ta, kada kuma a ƙulla da ɗumi. Na uku, kada a naɗe abinci a takardar siminti ko tsohuwar jarida, ko da jaridar da ake buga wannan hira tamu ce, domin tawada ba abinci ba ce. In kayanka na da tsabta, uwar da ta saya wa ɗanta yau, ita za ta neme ka da Babbar Sallah.

Malama ta ƙasar Gumel, ina fata kin samu abin riƙewa. Ki zuba a ƙananan kwanoni masu tsabta, ki tarbi yaran da fara'a, ai an ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ki kuma ware kaso guda ki aika wa maƙwabciyar da kika san bana ba ta ɗora komai ba. In kin gwada, ki sake sa a rubuto mana yadda ta kaya, ko ya yi ko bai yi ba, mu karanta wa jama'a su ƙaru.

Jama'a, agogo ya ce mu dakata nan. Sauran wasiƙun da ke gabana, na masu tambaya a kan ƙwarin wake da ajiyar albasa, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Allah Ya nuna mana Sallah lafiya, Ya maimaita mana. Ku huta lafiya.